Baba na Gazna

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a majalisarmu ta bayan la'asar tambaya, har mai wankin hula sai da ya tsare ni wai da gaske ne can kare ma yana da likitansa. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, kowa ya kama inda ya ga dama ya ƙara gishiri. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Amma wanda ke jiran labarin dogayen benaye ya nemi wani matafiyin. Ni wani dattijo na yi wa alkawari a can, kuma labarinsa ne zan ba ku, sauran duk rakiya ce.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin tarihi ne, shekarata goma sha biyu ina koyarwa a kwalejin horon malamai. Aka zaɓe ni kwas na mako goma a Washington, mu ashirin daga ƙasashe daban-daban, kowa zai rubuta takarda kan wata daula. Ni ban yi wani dogon tunani ba na ɗauki daular Gaznawi, wadda Turkawa suka kafa a birnin Gazna, can ƙasar Afganistan. Ɗalibaina sun san ni da ita. In na fara maganarta har alli nake mantawa a baki kamar taba.

Daga Kano muka tashi. Uwargida ta ɗaure mini kilishi da kuka da daddawa, tsarabar Bitrus, abokina tun muna makarantar kwana, wanda zan sauka gidansa. A Landan na yi rabin yini a kan kujerar roba ina jiran wani jirgin, ba wanda ya ce mini ci kanka. Da muka sauka Amurka, wani ma'aikacin kwastan mai ƙaton ciki ya tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Na ce ɗan kilishi ne kawai. Ya sa safar hannu ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar ya tsinci tsohon takalmi, ya jefa a kwandon shara. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, baya ya yi da sauri, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya shaida. Ita ma ta bi kilishi. Kuka kaɗai ta tsira, don sun ɗauka ganyen shayi ne, ni kuma ban ga dalilin gyara musu ba.

Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, yana aikin awon magani a wani kanti, matarsa Rifkatu kuma nas ce. Suna zaune a Landover, hawa na uku, cikin wani gini da ƙofofinsa duk kamarsu ɗaya. Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Rifkatu ta tuƙa tuwo da wani garin alkama na kwali, ta kaɗa kukar nan, muka ci muna yi wa kwastan addu'ar da ta dace da su. Na ce a raina ai Amurka gida ce.

Kwana uku suka isa in gane kurena. Bitrus ya fita tun ban gama wuridi ba, Rifkatu tana shigowa daga aiki ta faɗa ɗaki ta rufe. Mata da miji sai su yi kwana biyu ba su haɗu ba, sai dai takarda da suke liƙa wa juna a jikin firji. 'Ya'yansu biyu suna jin Hausa sarai, amma in na ce "Kun tashi lafiya?" sai su amsa da Turanci kalma ɗaya, idonsu na kan talabijin. Maƙwabcinmu na gaishe shi sau uku a matakala, a na huɗu ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu nake sayarwa.

"Malam, nan ba Zariya ba ce," in ji Bitrus yana dariya. "Ko ni da kake gani, in zan je gidan ƙanina a Manassas sai na buga waya na nemi lokaci. Kowa da shif ɗinsa, wani aikin dare wani na rana."

A jirgin ƙasa da nake shiga kullum safe, mutum ɗari a tarago ɗaya amma ka ce gidan makoki, gara ma gidan makoki ana amsa sallama. Ni da a gida ake roƙona in yi shiru, sai ga ni ina yini ban furta abin da ya wuce "na gode" ba. Ba na jin kunyar faɗa, kewa ta kama ni sosai. Wata rana na kama kaina ina gaida hoton wani mutum a bangon tasha.

A mako na biyu Allah ya haɗa ni da shi. Ginin da muke kwas ba wurin salla, don haka nakan zagaya wani filin ajiye motoci da ke gefensa, in shimfiɗa jarida a lungu in yi azahar. Ran nan na daidaita tsayuwa ina fuskantar gabas kamar yadda aka haife ni a kai, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ji an dafa kafaɗuna biyu an juya ni hagu a hankali, yadda ake juya makaho. Na waiga. Wani tsoho ne fari, siriri, da farin gemu, sanye da rigar ma'aikatan filin wadda ta yi masa yawa. Ya nuna wajen arewa maso gabas ya ce, "Alƙibla." Ashe kwana goma ina salla ina kallon wani wuri daban. Baƙo ko da ido makaho ne.

Da na idar ya yafito ni zuwa ɗan akurkin gilashi da yake zama yana yanka wa masu motoci tikiti. Ya yi mini sallama cikakkiya, hannunsa a ƙirji, ya tambayi lafiyata, da ta gida, da ta iyaye, da gajiya, bai bar komai ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ya zuba mini koren shayi daga fulas a murfinsa. Turancinsa kaɗan ne, amma yana da Larabcin zaure irin nawa, sai muka haɗa biyun muka yi gada. Na ce masa Baba, ya amsa kamar da ma sunan da yake jira ke nan. Da ya ji aikina, shi kuma ya ce mini Mu'allim.

"Baba, daga wace ƙasa?"

"Afganistan."

"Wane gari?"

"Ƙaramin gari ne, ba za ka san shi ba. Gazna."

Saura kaɗan shayin ya zube mini a wando. Shekara goma sha biyu ina rubuta sunan garin nan a allo, a zuciyata kuwa ya zama kamar garin tatsuniya, ban taɓa kawowa akwai mai rai da zai ce daga can yake ba. Nan take malantar ta motsa. Na miƙe tsaye na jero masa sarakunan daular tun daga na farko har na ƙarshe, da sunan uban kowa, ban yi tuntuɓe ba. Ku ba zan gajiyar da ku da su ba. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, sannan ya kama bakin kwat ɗina ya murza tsakanin yatsunsa.

"Wa ya sayar maka da wannan? Ba ya ƙaunarka. Sanyi na zuwa."

Ashe maɗinki ne. A Gazna rigunan fatar tumaki yake ɗinkawa, masu gashi a ciki, sana'ar kakanninsa. Da yaƙin Rasha ya ci unguwarsu ya tsallaka Fakistan a ƙafa, ya yi shekara biyu a sansani, daga nan wani ɗan 'yar'uwarsa ya jawo shi Amurka. Matarsa ta rasu a hanya. Wannan sau ɗaya ya faɗa mini, bai ƙara ba, ni ma ban tona ba.

Daga ranar kullum azahar ina akurkinsa. Ni in kawo burodi, shi ya kawo shayi da busasshen inabi. Mota ta zo ya tashi ya sallame ta, ya dawo mu ɗora daga inda muka tsaya. Takardar da nake rubutawa, a gaskiya, a wurin nan aka rubuta rabinta.

Na ba shi labarin mafarin daular yadda littattafai suka kawo. Wanda ya kafa ta yaro ne Baturke da aka kamo aka sayar a kasuwar bayi, ya zama soja, ya auri 'yar ubangidansa, daga baya sojoji suka ɗora shi a kan Gazna. Ɗansa ne ya kai abin ƙololuwa. Kusan kowace shekara sai ya gangara Indiya da yaƙi, ya dawo da zinariya da giwaye da bayi, ya cika fadarsa da malamai da mawaƙa, har halifan Bagadaza ya aiko masa da riga da laƙabi. Ina faɗa ina kaɗa hannu, don ni sarkin nan gwanina ne.

Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Mu'allim, sojan da zai tsallaka duwatsunmu, in ba riga mai gashi, kafin ya ga Indiya ya sandare. Littafinka ya faɗi wanda ya ɗinka musu?"

Na ce bai faɗa ba.

"To rubuta. Kakana ne." Ya yi dariya har da tari. "Su Turkawa ne, sun zo sun same mu. Suka tafi suka bar mu. Ɗinki dai bai tsaya ba."

Ranar da muka zo kan faɗuwar daular ana yayyafi, motoci ba yawa. Na gaya masa yadda babban sarkin nan da kansa ya bar wasu Turkawa makiyaya suka shigo ƙasarsa da tumakinsu, don ya raina su. A zamanin ɗansa suka zama Saljuƙawa, suka ja rundunarsa cikin hamada, suka bar ƙishirwa ta yi musu rabin aikin. Giwa ba ruwa ai kaya ce. Ɗan nan da ya gaji sarautar ya kwashi dukiya ya nufi Indiya, bayinsa suka yi masa tawaye a hanya, ƙarshensa ke nan. Daular ta ƙara jan numfashi fiye da shekara ɗari, tana raguwa kamar sabulu, har wani sarkin duwatsun Gur ya zo ya cinna wa Gazna wuta kwana bakwai. Sauran gidan sarauta suka ƙare a Lahor, inda aka yaudari na ƙarshensu aka kama shi, ya mutu a tsare.

Baba ya ƙara mini shayi. Can ya ce, "Wutar kowa ya san ta a garinmu, da ita ake tsorata yara. Amma na Lahor ɗin ban sani ba. Ashe su ma sun yi zaman sansani." Ya goge gilashin akurkin da hannun riga. "Na tabbata kullum cewa suke baɗi za mu koma."

Ya ce abin da ya rage na daular a garinsu hasumiya biyu ne tsaye a fili, ba masallaci ba fada, sai awaki na kiwo a gindinsu. A inuwar ɗaya ya fara ganin matarsa tana yarinya.

A mako na bakwai aka kai mu wani gidan kayan tarihi a tsakiyar birni. Ana ta janmu daga ɗaki zuwa ɗaki kamar garke, sai idona ya faɗa kan wata tasar tagulla cikin akwatin gilashi, an rubuta a ƙasa cewa daga yankin Gazna take, zamanin daular. Ban ko samu na dube ta da kyau ba aka ce mu wuce. Washegari na kai wa Baba labari da gudu. Ya ajiye fulas.

"Daga garinmu? A nan?"

"Tafiyar minti ashirin daga inda kake zaune, Baba."

Shekararsa uku a birnin bai taɓa shiga irin wuraren nan ba, yana ganin ba a gina su don mai riga irin tasa ba. Na ce kyauta ake shiga, kuma ni zan kai shi. Asabar ɗin da zai samu hutu ita ce ta ƙarshe kafin in tashi. Muka tsayar da magana, bayan azahar, a matakalar ƙofar gidan. Ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce zai sa rigarsa ta gida, don bai kamata tasar ta gan shi cikin ta kamfani ba.

Mako na tara aka kwashe mu yawon ganin filayen yaƙin basasarsu, daga Manassas har gaba, kwana shida. Ciyawa ce da igwa, sai mai bayani da ba ya gajiya. Na sayo wa Baba zuma a hanya saboda tarin nan nasa. Ranar Litinin da azahar na nufi akurki da kwalbata, sai na tarar da wani ƙato da rediyo a kunne.

Na ce ina dattijon da ke nan? Ya ce shi dai an turo shi tun Laraba, bai san kowa ba, in je ofis. Na je ofis, hawa na biyu a wani titi can gaba. Manajar ta saurare ni da kyau, ta jawo wani babban fayil ta buɗe.

"Ba damuwa. Mene ne sunansa?"

Na buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Ku da kuke karantawa kun san dalili, ba sai na yi muku bayani ba. A garinmu wa ke duban dattijo mai furfura ya ce masa yaya sunanka? Ni har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa furta sunansa ba. Mako bakwai ina shan shayin mutumin nan, na san sunan unguwarsu, na san yadda ake jeme fatar tunkiya a Gazna, amma ladabi ya hana ni tambaya ɗaya. Shi ma bai tambayi nawa ba, ina jin su ma haka abin yake a wurinsu. Na ce wa matar, "Baba nake ce masa." Ta dube ni da tausayi. Ta ce filayensu sun fi talatin, tsofaffi 'yan ƙasar nan suna da yawa, suna zuwa suna tafiya, kuma ko ta gane shi, doka ba ta bar ta ta ba baƙo adireshin ma'aikaci ba.

Da yamma na gaya wa su Bitrus. Rifkatu ta riƙe haɓa.

"Haba Malam! Mako bakwai? Ai a ƙasar nan suna ake fara tambaya kafin gaisuwa. In ma asibiti aka kai shi, ba a neman mutum da Baba." Duk da haka baiwar Allah ta hana kanta barci ta buga waya asibiti huɗu inda take da ƙawaye. Kowa tambayarsa ɗaya: mene ne sunansa?

Bitrus ya haɗa ni da wani direban tasi mutumin Kumasi, Alhaji Isyaku, wanda ya ce ya san inda 'yan Afganistan ke sayen burodinsu a Annandale. Ya kai ni ranar Laraba, ya ƙi karɓar ko sisi. Mai kantin ya fito da gari a hannu. Na siffanta masa: tsoho, siriri, farin gemu, maɗinki, daga Gazna.

"Ɗan wa? Wane dangi?"

Na ce ban sani ba. Ya ce rabin tsofaffin da ke shigowa kantinsa siffarsu ke nan, kowa kuma a gida wani abu ne, a nan mai gadi. Ya tura mu wani gida, can suka tura mu wani. A na ukun wani tsoho ya fito, gabana ya faɗi, amma ba shi ba ne. Sai da ya tilasta mana shan shayi kafin ya bar mu mu tafi. Ranar Juma'a na je babban masallaci na tsaya a bakin ƙofa ina duba fuskoki har aka watse, mai shara ya fara kallona.

Daga masallaci na koma akurki da wasiƙa. Na rubuta ta da Larabcina mai ɗingishi, na nemi gafararsa, na sa cikakken sunana da na mahaifina, abin da ban taɓa rubutawa don wani mutum ba sai don hukuma, da akwatin gidan wayar makarantarmu. A bayan ambulan na rasa abin sawa, na rubuta "Dattijon Gazna". Ƙaton nan ya karɓa ya soke ta a jikin gilashi, ya ajiye zumar a ƙasan kujera.

Ranar Asabar tun kafin azahar ina matakalar gidan tarihi. Na ce ko ciwo ne, ko canjin wurin aiki ne, mutumin da ya sa na maimaita alkawari sau biyu ba zai manta ba. Sanyin da ya yi mini gargaɗi ya iso, kwat ɗin nan kuwa ya nuna halinsa. Duk farin gemun da ya ɓullo daga kwana sai na miƙe. Na yi la'asar a gefen matakala, ina sallamewa na waiga. Da mai gadi ya ce saura kwata a rufe, na shiga ni kaɗai.

Tasar ba ta fi ta furar gidanmu girma ba, ta yi kore saboda tsufa, gefe ɗaya ya lotsa. A bakinta akwai rubutu zagaye. Na manna goshi a gilashi na bi shi harafi-harafi. Addu'a ce ta albarka da lafiya da tsawon rai ga mai tasar, ba a faɗi ko wane ne ba. Na karanta ta a fili, na ce amin, wata Baturiya da ke kusa ta matsa gaba. Na yi kuka a wurin, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Washegari Bitrus ya kai ni filin jirgi. Ya yi alkawarin zai riƙa leƙa akurkin, na kuma san zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma shif ba ya barin mutum.

Yau wata bakwai da dawowata. Ranar Talata da Alhamis masinjan makarantarmu ke ɗauko wasiƙu daga gidan waya. Da farko nakan tare shi a bakin ofis in tambaya. Yanzu ya hutar da ni, tun daga ƙofar makaranta, bai ko sauka daga keke ba, yake girgiza mini kai.